Zuciyar Luba da Cikin Wata Biyu

An cire wa matata Luba ciki wata biyu a asibiti a Gusau. Ni na dangwala yatsa aka yi. Tana raye. Abin da ya faru ke nan, sauran duk bayani ne.

Sunana Garba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne maƙwabcina yana rubutawa, na kuma ce masa kada ya ƙara gishiri. Na yarda a rubuta ne don na ga mata da yawa a layin asibiti da ƙafa irin ta Luba, mazansu na tsaye a waje ba su san abin da ake ciki ba.

Mu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Tsafe. Noma nake, ina da shanun huɗa biyu. Mutanen daji suka tashe mu. Ba zan ja zancen ba, kowa a Zamfara yana da nasa labarin. Na fito da harsashi a cinya, da mata, da yara biyar. Muka samu ɗaki ɗaya a Tudun Wada cikin Gusau, na shiga dako a kasuwar hatsi.

A ɗakin nan Luba ta haifi na shida, namiji, aka sa masa Sanusi. Haihuwa lafiya lau. Uwarta, Inna Tumba, ta zo daga Furfuri don wankan jego. Su ma an tashe su daga garinsu, a wurin ɗanta take zaune. Ta zo da ganyen runhu da kanwa ƙulle a bakin zane. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, a yi ta fyaɗa wa Luba da ganye har fatarta ta yi ja. A dama kunun kanwa ta sha. Haka aka yi mata a haihuwa biyar, babu wanda ya ga laifinsa.

Ba a kai arba'in ba ƙafarta ta fara kumbura. In ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa, ya daɗe bai ciko ba. Sai tari ya biyo. Sai kwanciya ta gagare ta, ta koma barci a zaune, jingine da buhun masara. Daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ta tsaya ta huta.

Inna ta ce sanyi ne ya shige ta, itacen birni ba shi da wuta. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Yayana Mamman, wanda ke Bungudu, ya aiko da rubutu a gora. Matar mai gidan hayarmu ta ce iska ce, a yi hayaƙi. Mai kemis ya ba da ruwan maganin tari. Duk na yi. Sati biyu muna wannan, ƙafa ta hau har cinya.

Wata safiya Luba ta duƙa za ta ɗauki yaron, ta kasa miƙewa. Leɓenta ya yi baƙi. Na tare napep muka tafi.

Asibiti layi ne. Layin kati, layin awo, layin ganin likita, layin biyan kuɗi. Mun shiga da hantsi, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Mai ba da kati ya bar tagarsa ya tafi cin abinci, mutane na kwance a ƙasa. Wannan ban yafe ba har yau. Da muka kai ga nas, wata gajeriya mai faɗa, ta dubi ƙafar Luba ta dube ni.

"Malam, sai da ta kusa mutuwa ka tuna akwai asibiti?"

Ita ce kuma ta ture mutane ta shigar da mu gaba, ta samo mata gado. Daga baya har tuwo ta riƙa kawo wa Inna daga gidanta. Bakinta ne kawai ba kyau.

Likitar mace ce, ba ta da hayaniya. Ta sa aka ɗauki hoton zuciya. Ta kira ni ta zaunar da ni a kujera, abin da ban saba ba. Maganarta ta zauna mini, ga ta yadda ta faɗa:

"Zuciyarta ta saki, Malam. Ka san robar wando in ta tsufa? Tana buɗewa, ba ta komawa. Jini ba ya tafiya da ƙarfi, shi ya sa ruwa ke taruwa a ƙafa da huhu. Yana samun mata bayan haihuwa. Kanwa da ruwan zafin nan ba su kaɗai ne suka jawo ba, amma suna ƙara mata kaya. Abu uku za ku kiyaye: gishiri, kanwa, da ciki. Ukun nan, ciki ya fi."

Da aka gaya wa Inna zancen kanwa ta ji haushi. Ta ce da kanwar nan ta haifi goma, likitar ita nawa ta haifa? Amma ba ta sake dama kunun ba.

Satin farko roba ce a hancin Luba tana shaƙar iska, ana ba ta maganin da ke sa fitsari. Ƙafa ta fara sacewa. Sati na biyu ta kwanta da bayanta, ta yi barci kamar kowa. Magani rabi a ciki ake samu, rabi sai ka fita waje ka saya. Akuyar Luba da ke wurin ɗan'uwanta a Furfuri ta tafi. Kwanukan aurenta da muka tsira da su suka tafi. 'Yan dako abokan aikina suka haɗa abin da suka haɗa suka kawo a leda. Allah Ya saka musu. Wasu dangi kuma da ke da hali ko sannu ba su aiko ba. Na san su.

Ranar sallama aka tura mu wani ɗaki da ake zancen tazarar haihuwa. Aka nuna mana ƙwaya, da allura, da wani ɗan abu kamar tsinken ashana da ake sa wa mace a dantse. Mata ma ashana suke ce masa. Luba ta dube ni. Na ce sai mun yi shawara.

Na gaya wa Yaya Mamman. Ya ce a'a. Ya ce haihuwa ta Allah ce, abin nan dabara ce ta masu son a rage mu, an kashe mu a daji yanzu kuma za a hana mu mayarwa. Maganarsa ta shige ni, don ni ma na binne mutane. Kuma ina da lissafina. Yaranmu biyar kowane tsakaninsa da ƙaninsa ya haura shekara biyu, ba tare da wani magani ba. Na ɗauka nono ne ke tsare ta. Na ce tunda tana shayarwa, ba abin da zai shiga.

Wata huɗu ko biyar muna lafiya. Tana shan magani, muna komawa asibiti duk wata. Ta fara shara, ta fara girki.

Sai rana guda na dawo daga kasuwa na tarar da Sanusi yana ta tsala kuka. Ta shafa wa nono maɗaci, ta yaye shi. Yaro ko rarrafe bai ƙware ba. Na tambaye ta, ta ce nonon ne ya ƙafe. Na yarda.

Inna ce ta gane. Ta zo duba mu, ta ga ana ɗura wa yaron koko, ta tsaya a bakin ƙofa ko sallama ba ta ƙarasa ba. A wurinmu mace ba ta yaye jariri haka kawai. An ce nonon mai ciki yana lalata yaro, don haka da ta ji ciki sai ta cire shi. Kuma abin kunya ne. Kwanika ake ce masa, ciki a kan goyo, mata na yi wa mai shi dariya a gidan suna. Kunyar nan ce ta sa Luba ta ɓoye. Ta kuma daina shan magani, don ta ji an ce yana taɓa ciki. Da Inna ta ɗaga mata zane, ƙafa ta dawo yadda take a da.

Muka koma layi.

Na zaci likitar za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Aka sake hoto, na ciki da na zuciya. Ta kira wani likita babba, mai furfura, ya duba shi ma. Sannan suka zaunar da ni.

"Ciki wata biyu ne," in ji ta. "Zuciyar kuma ba ta koma ba, ta ƙara saki. Rai na Allah ne, ba zan ce maka ga ranar ba. Amma a abin da muka sani, ba za ta iya ɗaukar cikin nan har ƙarshe ba. In aka bar shi, mun fi zaton a rasa su duka biyu. Shawararmu a cire. Ku je ku yi tunani, amma kada ku daɗe. Duk satin da ya wuce, aikin na ƙara haɗari."

Aka ba Luba gado. Ni na hau mota zuwa Bungudu.

Na samu Yaya Mamman a ƙofar gida yana gyaran fartanya. Na faɗa masa. Ya ajiye fartanyar.

"Garba, kisan kai fa ke nan. Ka gudo wa masu kisa, ka zo birni ka yi naka da hannunka?"

"In ta mutu kai za ka goya Sanusi?"

"Kai ka san za ta mutu? Likita Allah ne?"

"Ba Allah ba ne. Amma ya ga abin da ni da kai ba mu gani ba."

"Da ka riƙe kanka ai da ba a zo nan ba."

Wannan gaskiya ce. Na ce mu je wurin Malam. Akwai wani tsohon limami a unguwarsu, ba ya gani sosai, amma mutane na kai masa irin wannan. Muka same shi a zaure. Mamman ya riga ni magana, ya faɗi tasa da zafi. Malam ya bar shi ya gama, sannan ya juyo wajena.

"Wata nawa?"

"Biyu."

"Likita ɗaya ya faɗa ko biyu?"

"Biyu. Ɗaya tsoho ne."

"Ka tabbata ba tsoron abin da za ka ciyar da shi ba ne? In shi ne, tashi ka ba ni wuri."

Na ce yara shida nake ciyarwa da wuyana, na bakwai ba zai karya ni ba.

Malam ya ce abin ba wasa ba ne, a wurin malamanmu ciki ko na kwana kaɗan ne yana da alfarma, ba a taɓa shi don son rai. Ya ce amma lalura daban take. Uwa ita ce itacen, cikin da bai kai a busa masa rai ba fure ne, kuma mai hankali ba ya barin itace ya faɗi don fure, ga 'ya'ya shida a kansa. Ya ce wannan fahimtarsa ce, Allah ne mafi sani. Sai ya ce:

"To ku biyun nan kuna ta ja-in-ja. Ita mai cikin me ta ce?"

Na dubi Mamman, ya dube ni. Babu wanda ya tambaye ta.

Washegari da aka buɗe ƙofar masu dubiya na shiga. Tana zaune an tara mata matasai a baya. Inna ta ga na zo da magana, ta ɗauki buta ta fita.

Na faɗa mata abin da likita ta ce, da na Mamman, da na Malam. Ban rage ba. Na ce saura nata.

Ta daɗe tana murza bakin zane.

"Malam, ina tsoron Allah, ina tsoron mutuwa. Ban san wanda ya fi yawa ba."

"Ni ma."

"In an tashe mu gobe ƙiyama ya riƙe ni ya ce me na yi miki?"

"Ki ce ni ne. Yatsana za a dangwala."

Ta yi 'yar dariya har tari ya sarƙe ta. "Kai naka ma ka gama ɗauka, balle ka ƙara da nawa?"

Matar da ke gadon gefe tana nishi. Ita a gida ta sha wani jiƙo don cikinta ya fita ba wanda ya sani, jini ya ɓalle, aka kawo ta a makare. Bayan ran nan ba ta kwana biyu ba ta rasu. A lokacin dai Luba na kallonta.

Can ta ce, "Sanusi bai gama sanin fuskata ba. In na tafi yanzu, ko a mafarki ba zai gane ni ba." Ta share ido. "A yi. Amma ka yi sadaka."

Aka yi. Aikin bai daɗe ba. Na zauna a gindin bishiyar darbejiya ina ja da carbi har gajeriyar nas ta leƙo ta ce, "Mijin Luba! Tashi ka daina zaman makoki, matarka na neman ruwan shayi." Na sayi ƙosai na raba wa masu jinya. Sadakar da na iya ke nan.

Saura zancen ashana. Likita ta ce kada a fita da ita sai an sa wani abu, don in aka sake, ba ta ga abin da za ta iya yi ba. Luba ta ce ta yarda. Ni ma zuciyata ta karkata. Sai ga Yaya Mamman ya zo dubiya da lemo a leda. Muna zaune a barandar asibiti, ni da shi a benci, Inna can gefe a tabarma ta ba mu baya, Sanusi a cinyarta. Tunda na auri Luba, ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba. Gaisuwa ce daga nesa, a durƙushe. Suruka ce.

Mamman ya ce, "Abin da ya wuce ya wuce, lalura ce in ji Malam. Amma ashanar nan ban yarda ba. Iyayenmu ba su yi ba, kuma sun rayu."

Sai muka ji muryar Inna. Ba da mu take ba. Ta ɗaga jaririn tana yi masa magana, da ƙarfi yadda kowa a barandar zai ji.

"Kai Sanusi, ɗan tsohon miji na. Gaya ma baffanka iyayensu sun yi. Ni goma na haifa, kowane da shekara ukku tsakani. Ba ashana munka sa ba, ƙafa munka sa. In anka yi suna, ubana shi aiko da jaki a ɗauke ni. Kakanka ba shi ƙara ganin ƙeyata sai yaro na gudu. Uwarka ma haka anka yi mata har sau biyar, tana ɗakina, ubanka na can yana cin tuwon gwauro, yana zaton nono ne ke aiki."

Wata mata a tabarmar kusa ta fashe da dariya. Ni na sunkuyar da kai.

"To yanzu ina garin? Ina ɗakin? Ni da jikoki da awaki muke kwana wuri guda. Mutum da matarsa ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, a ce su zama wa da ƙanwa? Tambayi baffanka, Sanusi. In yana da ɗaki Bungudu da za shi aje uwarka shekara biyu, shi ci da ita, shi sai mata magani, to a bar ashana, yau sai mu bi shi."

Yaron ya kama mata hanci. Mamman ma ɗaki biyu gare shi da mutum goma sha. Ya tashi ya ce zai je ya yi la'asar, alhali ba a kira ba.

Ran nan aka sa wa Luba ashanar. Ɗan tsagi ne a dantse, ko ɗinki babu.

Sai a lokacin na gane lissafina. Shekara da shekaru ana yi mini tazara da jaki da ɗakin suruka, ni ban san sunanta ke nan ba.

Ga abin da zan gaya wa maza. In matarka ta haihu ka ga ƙafa ta kumbura, tana tari, ba ta iya kwanciya, kada ka ƙara itace. Kai ta asibiti, ka jure layin. In ta yaye yaro ba lokaci ba, tambaye ta a hankali, kunya na kashe mata. In likita ya ce a huta, to nono ba ya tsare kowa. Ban ce kowa ya je ya cire ciki ba. Abu ne mai nauyi, ni na ɗauka na san nauyinsa. Da na karɓi ƙaramin tun farko, da ban kai ga babban ba. Kuma duk shawarar da za ku yi, ku tambayi mai jikin kafin ku hau mota neman fatawa.

Inna har yau ba ta ce kanwa na da laifi ba. Amma da matar ɗanta ta haihu a Furfuri, ruwa mai ɗumi ta yi mata, kunun kuma ba kanwa. Ta ce kanwa ta yi tsada. Yaya Mamman muna gaisawa, yana zuwa, yana cin tuwon gidana duk da ba gishiri. Zancen dai ba ya tayarwa, ni ma ba na tayarwa. Yana ganin nasa daidai. Ban hana shi ba.

Yanzu ina nan Tudun Wada, ɗakin nan dai, dakon nan dai. Cinyar na damuna in an yi sanyi. Luba ba ta daka, ba ta ɗaukar ruwa, amma tana ɗinkin hula tana sayarwa, ta yi ƙiba har tana yi mini gori. Likita ta ce zuciyar ta ɗan koma, ba duka ba. Sanusi na gudu, duk inda ta sa ƙafa yana riƙe da zanenta. Alhamdu lillahi.

Duk wata muna komawa asibiti. In an zo sabuwar nas ta tambaya yara nawa, ni na ce shida. Luba ta ce bakwai. Ba na gyara mata.